Kafin ka ce kwamfutarka ta tsufa, fara saita ta daidai da aikinka



Da yawa daga cikinmu mun san wannan hali. Za a buga takardar gayyata ko sakamakon jarrabawar ɗalibai, a kunna kwamfuta, sai a zauna ana kallonta tana juyi, kafin ta gama farkawa an ɗauke wuta. In kuma an haɗa ta da intanet ɗin waya, datar da aka saya don mako guda sai ta ƙare a zama ɗaya, ba a san inda ta shiga ba. Daga nan sai mai ita ya yanke hukunci cewa ta tsufa, ya fara lissafin kuɗin wata.

Wani lokaci da gaske ta tsufa ɗin. Amma sau da yawa ba shekaru ne matsalar ba. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato irin su Windows, tana zuwa ne da saitin da ya dace da mutumin da ba a ɗauke masa wuta, intanet ɗinsa ba shi da iyaka, kuma bai taɓa rubuta ƙ ko ɗ ba. Ga shi kuma da yawa daga kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, wani ya riga ya yi aiki da su ya bar tarkacensa a ciki. Kamar riga ce da aka ɗinka wa wani, sai ka kai ta wurin tela ya rage kafin ta zauna maka. Wannan ragin shi ne za mu yi bayani, kuma mafi yawansa ba ya cin ko sisi.

Bayanin ya shafi Windows 10 da Windows 11. Inda muka ce maɓallin Windows, muna nufin wanda ke ɗauke da hoton taga, a layin ƙasa tsakanin Ctrl da Alt. Za mu riƙa kawo sunan wuri yadda yake a kwamfutar Turanci da ta Faransanci, tunda dukkansu suna hannun jama'armu.

Fara duba abin da ke damun ta

Ba a ba da magani sai an san ciwo. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Wani shafi zai buɗe mai suna Task Manager, a Faransanci Gestionnaire des tâches. Shi ne yake nuna duk manhajojin da ke aiki a wannan lokaci, har waɗanda ba ka gani, da kason da kowace take ci.

Abu uku za ka lura da su. Na farko ƙwaƙwalwar kwamfutar, wadda ke yin lissafi, an rubuta CPU ko Processeur. Na biyu ma'adanar wucin gadi, wato RAM. Ita kamar tabarmar da ɗan kasuwa yake baza kaya ce: in ta yi ƙanƙanta, dole ya riƙa komawa sito yana ɗauko kaya yana mayarwa. Na uku faifan ajiya, shi ne siton. Idan ka ga faifan ya tsaya a kashi 100 cikin 100 na tsawon lokaci, ko RAM ta kusa cika alhali ba ka buɗe komai ba, to ka gano inda cunkoson yake. A ɓangaren Performance na wannan shafi za ka ga yawan RAM ɗinka, da irin faifanka, ko HDD ne ko SSD. Rubuta su ka ajiye, za mu dawo kansu a ƙarshe.

Rage masu tashi tare da ita

Manhajoji da dama, da zarar an saka su, sai su ba kansu izinin tashi duk lokacin da aka kunna kwamfuta, ko ana bukatarsu ko ba a bukata. Su ne ke sa farkawa ta ɗauki mintoci. A cikin Task Manager akwai ɓangaren Startup, ko Démarrage. Duba jerin, duk wadda ka san ba ka bukatarta da sassafe, kamar manhajar kiɗa, ta hira, ko ta wasa, sai ka dakatar da ita. Wannan ba ya goge ta, kana iya buɗe ta da kanka in ka so. Wadda ba ka gane ba ka ƙyale ta, musamman abin da ya shafi sauti, hoto da tsaro.

Bayan haka danna maɓallin Windows da I domin buɗe wurin saiti, wato Settings ko Paramètres, ka shiga jerin manhajoji ka cire waɗanda ba ka aiki da su. A nan akwai kuskuren da ya yaɗu: saka manhajar kashe bairos biyu ko uku a kwamfuta ɗaya, da tunanin tsaro zai ƙaru. Abin da ke faruwa shi ne kowace tana bincikar abin da ɗayar ta taɓa, kwamfutar ta yi nauyi. Windows 10 da 11 suna zuwa da tasu, Microsoft Defender, kyauta, kuma ta wadatar wa mafi yawan mutane matuƙar ana sabunta ta. Haka kuma a yi hattara da manhajojin da ke alkawarin ƙara wa kwamfuta gudu da dannawa ɗaya. Da yawansu talla suke kawowa, su kansu kaya ne.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba: tun daga Windows 8, idan ka kashe kwamfuta ba lallai ta wanke kanta gaba ɗaya ba, domin tana adana wani sashe na aikinta don ta tashi da sauri. Umarnin Restart, ko Redémarrer, shi ne yake sa ta fara komai sabo. Saboda haka in ta fara rikici, fara gwada shi kafin ka ɗauke ta zuwa wurin mai gyara.

Toshe inda data ke zurarewa

Idan ka haɗa kwamfuta da intanet ɗin wayarka, Windows ba ta san cewa da kuɗin cefane ka sayi datar ba. Ɗauka take yi irin layin nan ne marar iyaka, sai ta shiga sauke sabbin abubuwa, tana kuma tura fayilolinka zuwa ma'ajiyar intanet. Maganin shi ne ka sanar da ita. Shiga wurin saiti, ɓangaren intanet, ka zaɓi sunan Wi-Fi ɗin wayarka, ka kunna Metered connection, a Faransanci Connexion limitée. Daga nan za ta jinkirta mafi yawan manyan abubuwan da take saukewa. A ɓangaren dai akwai inda take nuna yawan datar da kowace manhaja ta ci cikin kwana 30, nan za ka kama mai laifin.

Amma jinkirtawa daban, hanawa daban. Wasu masu gyara sukan kashe sabuntawa kwata-kwata don kada mai kwamfuta ya dawo da ƙorafin data. Wannan ganganci ne, domin ta sabuntawa ake toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suka gano. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin gwamnatin Ingila, tana neman kuɗin fansa. Alhali Microsoft ya riga ya fitar da gyaran wannan ƙofa tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su saka gyaran ba su ne abin ya ritsa da su. Don haka ware rana ɗaya a wata, lokacin da ka samu intanet mai sauƙi ko datar dare, ka bar ta ta sabunta kanta. Rigakafi ya fi magani.

Koya mata Hausa da Larabci

Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Duk da haka takardunmu da yawa suna fita babu haruffa masu lanƙwasa, don ana zaton kwamfuta ba ta da su. Wasu kuma sukan rubuta k' ko d' a madadinsu. Illar ba ta tsaya ga karatu ba: ranar da ka tashi neman wata kalma a cikin fayilolinka, wanda aka rubuta da ƙ zai fito, wanda aka rubuta da k' ba zai fito ba.

Windows tana da tsarin maɓallan Hausa a cikinta. Shiga wurin saiti, ɓangaren Time & language, ko Heure et langue, ka ƙara harshen Hausa. Bayan haka maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara su ne za su riƙa sauya maka daga wannan harshe zuwa wancan. Idan kana kan Hausa, riƙe Alt na hannun dama, wanda a wasu kwamfutoci aka rubuta AltGr, ka danna b, d, k ko y, sai ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ ya fito. Ƴan uwa na Nijar, Cadi da Kamaru masu kwamfutar Faransanci su lura: jerin haruffansu AZERTY ne, na Hausa kuwa ya bi QWERTY irin wanda aka saba da shi a Gana da Najeriya, don haka A da Q za su yi musayar wuri, haka Z da W. Wanda wannan ya dame shi yana iya duba Keyman, manhajar kyauta ta ƙungiyar SIL mai ɗauke da tsarin maɓallai na harsuna masu yawa.

Ta wannan hanya ake ƙara Larabci. In ba a zana haruffan a jikin maɓallanka ba, danna maɓallin Windows da Ctrl da O, hoton maɓallan zai fito a fuskar kwamfutar ka ga inda kowane harafi yake. A cikin Word, Ctrl da Shift na dama suna mayar da layi ya fara daga dama, Ctrl da Shift na hagu su dawo da shi. Masu rubutun ajami kuma akwai samfurin haruffa guda biyu na kyauta daga SIL: Harmattan, wanda aka tsara don ajamin Afirka ta Yamma, da Alkalami, wanda ya bi salon rubutun hannu na Kano. Idan za ka aika wa wani takardar da ke da irin waɗannan haruffa, mayar da ita PDF, don kada ta wargaje a kwamfutarsa.

Maɓallan da ke rage wahala

Duk lokacin da ka ɗaga hannu daga rubutu ka kama linzami, ƴan daƙiƙu sun tafi, kuma a wuni guda suna taruwa. Ga waɗanda suka fi amfani:

Windows da E yana buɗe wurin fayiloli. Windows da D yana kawar da komai ya nuna maka fuskar kwamfuta. Alt da Tab yana kai ka daga wannan manhaja zuwa waccan. Windows da kibiyar hagu ko ta dama yana tura shafi rabin fuska, ta yadda za ka ajiye takardar da kake kwafa a gefe ɗaya, wadda kake rubutawa a ɗaya gefen. Mai fassara da mai shigar da maki sun fi kowa morar wannan. Windows da Shift da S yana ɗaukar hoton sashen da ka zaɓa. Ctrl da Z yana warware kuskuren da ka yi yanzu. Windows da L yana kulle kwamfuta in za ka tashi.

Sai Windows da V, wanda yake nuna abubuwa har 25 da ka kwafa a baya. Karon farko zai nemi ka kunna shi. Kana iya maƙale waɗanda kake yawan bukata, kamar adireshin ofis ko buɗewar wasiƙa, su zauna ko an kashe kwamfuta. Kada ka ce za ka haddace duka a rana ɗaya. Ɗauki biyu ka yi mako kana aiki da su, sannan ka ƙara biyu.

Wanda idonsa ke gajiya ya shiga saitin fuska ya ƙara girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150. A nan ne kuma ake kunna hasken dare, mai rage kaifin haske.

Tsara ajiya, ka kuma yi mata tagwai

Kwamfuta in ta lalace ana sayen wata. Rajistar ɗalibai ta shekara biyar, ko littafin da mutum ya yi shekaru yana rubutawa, ba a sayen su a kasuwa. Faifan ajiya kuwa yana iya mutuwa ba sallama.

Fara da tsari. Kada ka mai da fuskar kwamfuta juji. Buɗe folda ɗaya ta aiki, ka raba ta gida-gida, kamar wasiƙu, kuɗi, hotuna. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, misali 2025-03-14 rahoton taro. Haka zai sa su jeru da kansu bisa kwanan wata, ka huta da sunaye irin su "sabo", "sabo na ƙarshe", "na ƙarshe na gaske".

Sannan ka yi kwafi. Masana suna ba da shawarar abin da suke kira 3-2-1: kwafi 3 na duk abu mai muhimmanci, a kan nau'in ma'aji 2, kuma 1 daga ciki ya kasance a wani wuri daban. A aikace, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash ko faifan waje, ɗaya a imel ko Google Drive. Filash ɗin da ke kwana cikin jakar kwamfutar ba wani wuri daban ba ne, ɓarawo ɗaya zai tafi da su tare. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Game da filash ɗin da ke yawo tsakanin shagunan buga takardu, ta nan bairos ya fi shigowa. A wurin fayiloli, ɓangaren View ko Affichage, kunna nuna ƙarshen sunan fayil. Takardar Word tana ƙarewa da .docx, hoto da .jpg. In ka ga abin da aka ce takarda ce amma ya ƙare da .exe, manhaja ce ta yi shigar burtu, kada ka buɗe. Haka in foldojinka na cikin filash suka koma masu ƴar kibiya a gefe, kada ka danna su, bairos ne ya ɓoye na ainihi. Fara sa Defender ya bincike filash ɗin.

Idan kwamfutar ta ofis ce ko ta gida da hannaye da yawa ke taɓawa, buɗe wa kowa nasa asusun da kalmar sirrinsa, ka bar ikon saka manhaja a hannun mutum ɗaya. Bayanan mutane da ke ciki amana ne.

Wuta, zafi da ƙura

Word yana adana kwafin ceto duk bayan minti 10. A inda wuta ke ɗaukewa ba shiri, shiga saitinsa ka rage zuwa minti 2 ko 3, ka kuma saba wa yatsunka danna Ctrl da S. In batirinka ba ya riƙe caji, kada ka dogara da yanayin barci, domin yana bukatar ƴar wuta kafin ya riƙe aikinka. Yi amfani da Hibernate, a Faransanci Mettre en veille prolongée, wanda yake juye komai cikin faifai ya kashe gaba ɗaya, in ka kunna ka tarar da aikinka inda ka bar shi. In ba ka gan shi a jerin ba, ana kunna shi a saitin wuta.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta in ta yi zafi rage gudu take yi da kanta don kada ta ƙone. Wannan ya sa kwamfutar da ke gudu da safe take jan ƙafa da azahar a watan Afrilu. Kada a ɗora ta kan katifa ko darduma, suna toshe kafofin iska. Bayan hunturu kuma a kai ta a busa ƙurar da ta taru a fankarta.

In duk wannan bai isa ba

Yanzu koma kan abin da ka rubuta da farko. In faifanka HDD ne, wato mai juyawa, sauya shi da SSD shi ne gyaran da ya fi kowane tasiri. HDD na ƙaramar kwamfuta yakan karanta kimanin megabait 100 a daƙiƙa, SSD na yau da kullum kimanin 500, kuma ba shi da abin da ke motsi a ciki, don haka ya fi jure jijjigar babur. In RAM ɗinka gigabait 4 ce, tambayi mai gyara ko tana karɓar ƙari zuwa 8. Waɗannan biyu ba su kai kuɗin wata kwamfutar ba.

Sai dai akwai maganar da ba a kauce mata. Windows 10, wadda ta fito a 2015, Microsoft ya daina kula da ita ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai wani shirin ƙarin gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026 ga wanda ya yi rajista. Kwamfutar ba za ta mutu ba, amma ƙofofin da aka gano daga baya za su zauna a buɗe. Windows 7 kuwa tun 14 ga Janairu 2020 aka bar ta. Windows 11 tana bukatar aƙalla RAM gigabait 4, ajiya gigabait 64, wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwa ta kusa, a ɓangaren Intel galibi daga zubi na 8, wanda ya fito a 2017. Mai shirin sayen ta hannu ya duba lambar: i5-8250U zubi na 8 ce, i5-6300U na 6 ce. Manhajar PC Health Check ta Microsoft tana gaya maka ko taka ta cancanta.

In ba ta cancanta ba, har yanzu ba a kai ga jefarwa ba. Akwai Linux, babbar manhaja ta kyauta wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan a 1991. Daga cikin nau'o'inta, Linux Mint ta yi kama da Windows a fuska, tana tashi da RAM gigabait 2 duk da cewa 4 ta fi, kuma zubi na 22 da ya fito a 2024 za a ci gaba da kula da shi har 2029. Tana zuwa da Firefox da LibreOffice, mai buɗe takardun Word da Excel, ko da yake tsarin wasu takardu yakan ɗan gurɗe. Ana iya gwada ta daga filash ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. A nan za ka duba ko Wi-Fi da na'urar buga takarda suna aiki. Amma wanda aikinsa ya dogara da wata manhajar da Windows kaɗai take ɗauka, ya tabbatar da madadinta tukuna, kuma kowa ya kwashe fayilolinsa kafin a saka.

Ɗan uwa, kada ka ce za ka yi duka a yau. Fara da kwafin fayilolinka, domin shi ne in an yi sakaci ba ya gyaruwa. Gobe ka rage masu tashi, ka toshe data. Jibi ka saka Hausa. Ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, don in wani abu ya rikice ka san inda za ka koma. In ka ga amfani, ka nuna wa na kusa da kai, wataƙila ka hana shi kashe kuɗin da iyalinsa suka fi bukata.